Mashin ɗin Zumuntar Mata

Likita bai yi wa Fasto Tamba kwana-kwana ba. Jininsa ya hau, ƙiba ta yi yawa, kuma in bai fara tafiya a ƙasa kullum ba, ƙwayoyi kaɗai ba za su riƙe shi ba. Tamba bai yi gardama ba, don ya san inda abin ke ƙarewa. Yayansa na can Argungu kwance, ɓarin jikinsa ya shanye, matarsa ke juya shi a tabarma, ita ke share masa yawu.

Da ya koma gida a unguwar Nasarawa ya faɗa wa matarsa Laure. Ta dube shi sama da ƙasa.

Ta ce, "Kai ne kullum ke cewa jiki amana ne daga Ubangiji. To ga amanar nan, ta fi ƙarfin wandonka."

Ya roƙe ta kada ikilisiya ta ji. Ya san mutanensa. Da sun ji fasto ba lafiya za su zaunar da shi, ko littafin waƙa ba za su bari ya ɗaga ba.

Washegari da sassafe ya sa takalmi ya fita. Bai kai bakin titi ba maƙwabcinsa Labbo, manomin shinkafa, ya tsaya da mashin a gabansa.

"Fasto, mi ya yi zafi haka? Hau in kai ka."

"Ba nisa za ni ba, Malam Labbo."

"Ko ƙofar gida ce. Ina raye ka taka ƙasa?"

Ya hau. Kashegari wani ɗan kabu-kabu ne, ya ce ba zai karɓi ko sisi ba. Rana ta gaba dattijon coci ne, Baba Hodi, da tsohuwar motarsa. A Birnin Kebbi babban mutum ba ya tafiya a ƙasa sai in wani abu ya same shi, kuma ƙin hawa cin fuska ne. Tamba ya yi ta fita tafiya yana dawowa a bayan mashin.

Magana ta zaga. Aka ce an ga fasto yana gumi a hanyar kasuwa kamar marar kowa. Wata Lahadi bayan wa'azi, Zumuntar Mata suka shigo da waƙa, suna turo sabon mashin, ledarsa ma ba a cire ba. Shugabarsu ta ce kunyarsu ce makiyayinsu ya rinƙa yawo a ƙasa arna da Musulmi na kallo. Tamba ya san wasunsu ƙosai suke soyawa, wasu wankau suke yi. Ya karɓi makulli, ya yi addu'a, ya yi godiya.

A gida Laure ta ce, "Sun saya maka tabarmar yayanka, mai taya biyu."

Tamba ya rataye makullin. Daren jiya ma ya ji yatsun hannunsa na dama suna masa wani irin sanyi, bai gaya mata ba.

Da gari ya waye ya tada mashin. Labbo na ƙofar gida, ya ɗaga masa hannu, ya ce yanzu ya ji magana. Tamba ya miƙe hanyar Ambursa, ya sauka daga kwalta, ya bi turba har inda ƙasa ta fara laushi. Nan ya jingine mashin a gindin wata tsamiya, ya naɗe ƙafar wando, ya shiga fadama. Tsakanin gonakin shinkafa hanya siririya ce, ruwa dama da hagu, ba abin da ke bin ta mai taya.

Ya yi ta tafiya. Numfashi ya yi masa nauyi, riga ta jiƙe, gwiwoyi suka fara ƙara. Ya yi addu'ar safe yana haki, guntu-guntu.

Sai ya ji takun kofato a bayansa. Wani tsoho ne da jaki, ba kaya a kai. Tsohon ya ja akala ya tsaya.

"Malam, wanga jiki naka bai yi kama da na fadama ba. Hau."

Tamba ya dubi jakin, ya dubi tsohon. Bai san shi ba, shi ma tsohon bai san fasto ne ba.

Ya ce, "Baba, na gode. Hawan jini gare ni. Likita ya ce in ban yi tafiya ba, zan kwanta."

Tsohon ya gyaɗa kai. "Shi ya kada ƙanena. To ka taka da kyau, abin da kake yi wanga rarrafe ne." Ya bugi jakinsa ya wuce.

Tamba ya tsaya kaɗan yana kallon bayansa. Faɗin gaskiyar bai ɗauki ko dogon numfashi ba. Ya tuna Labbo, ya tuna Baba Hodi, ya tuna Lahadi mai zuwa da abin da zai faɗa wa ikilisiya. Sannan ya ƙara sauri.