Sifikar Hagu

Lorne Thibodeau yana durƙushe a bayan kantar kayan sauti, yana laluben ramin da zai soka wayar ƙarshe, sai surukinsa ya ce daga kan kujera a bi jar wayar nan a hankali, ta girmi aurensu.

"Na ji, Wendell."

"Ba ka ji ba. Fizgarta kake yi kamar kana kwance tayar bas."

Lorne makanikin motocin bas ne na birnin Thunder Bay da ke bakin tafki, kuma tun ranar da ya auri Marit, tsohon bai daina tuna masa da haka ba. Shi Wendell Kuusisto mai saita sautin piyano ne. Babu coci ko makaranta a wannan gefen tafkin da bai shiga da jakar kayan aikinsa ba. Mutane sukan ce in ƙofa ta yi ƙara zai iya gaya maka a wane sauti ta yi. Da kunne ya ci abinci, da shi ya gina gidan nan, da shi kuma ya tara faya-fayan da suka cika bango guda na falon.

Hannunsa ne ya fara cin amanarsa. Rawa yake yi yanzu, ba sosai ba, amma ta isa ta sa faifai ya suɓuce masa. Da ya karce wani da yake ƙauna, sai ya daina taɓa su gaba ɗaya, falon ya yi tsit. Marit ce ta kawo shawarar a zuba kiɗan duka a kwamfuta ɗaya, a haɗa ta da amfilifayarsa mai ƙara ƙarfin sauti, ya riƙa zaɓar abin da yake so da yatsa a kan ƙaramin allo. Wendell ya yarda, amma da sharuɗɗa. Kada a matse waƙa ko ɗaya don a rage mata girma. Kada kwamfutar ta zama mai fanka, domin zai ji hucinta. Kuma da waya za a haɗa komai, ba ta iska ba. Lorne ya cinye lokacin sanyi yana kwafar faya-fayan ɗaya bayan ɗaya a gidansu, yana gyara sunayen mawaƙan da manhajar ta cakuɗa. Yau Asabar ya kawo akwatin, baƙi, bai fi littafi girma ba.

Ya miƙe, ya kakkaɓe gwiwa, ya kunna. Wendell ya ce bari ya zaga bayi kafin a fara, don ba ya son a katse shi. Ya fita yana dafa bango.

Manhajar tana da gwajin da take yi kafin komai. Takan aika wani shuuu kamar na ruwan sama zuwa sifikar dama, sannan ta hagu, don a tabbatar ba a juya wayoyi ba. Ta dama ta yi shuuu, tas. Ta hagu ta yi nata, amma kamar an rufe ta da bargo.

Lorne ya ɗauka laifinsa ne. Ya musanya wayoyin biyu, ya sake gwadawa. Dushewar ba ta bi waya ba, tana nan a hagu. Ya zare raga daga fuskar sifikar, ya kara kunnensa a ƙaramin bakin da ke sama, wanda ke fitar da siraran sauti. Babu komai. Ya je na dama, ya ji shi yana tsiwa kamar sauro. Ya dawo na hagu, ya ɗora yatsa a gefensa. Ko motsi. Ya mutu, kuma ba yau ba.

Ya ji takun tsohon a baranda, ya yi sauri ya mayar da ragar.

Wendell ya zauna a kujerarsa, wadda ƙafafunta suka yi rami a dardumar saboda ba a taɓa matsar da ita ba. Nan ne tsakiyar sifikun biyu daidai, kuma ba wanda ke zama a wurin sai shi. Ya karɓi allon, ya daɗe yana neman abin da yake so, ya ƙi a taimaka masa. Daga ƙarshe ya taɓa wani tsohon kiɗa na mutum uku, piyano da ganga da babban goge. Ya rufe ido.

Kiɗan ya cika falon. Lorne yana tsaye a bayan kujerar, yana jin duk hasken sautin ya karkata dama, kamar ɗakin da aka kashe wa fitila ɗaya.

Wendell ya saurara har tsakiya. Sannan ya ce, ba tare da ya buɗe ido ba, abin bai kai faifai ɗumi ba, amma ya fi yadda ya zata. Ya ɗaga hannunsa mai rawa ya nuna hagu.

"Saurari farantin ƙarfen da mai gangar can yake bugawa. Ka ji yadda yake walƙiya? Ku yaran yanzu da abin kunnenku ba ku san wannan ba."

Lorne ya kalli inda yatsan ya nuna. Babu walƙiyar komai a wurin, sai wani ɗan tas-tas a dushe. Tsohon ya san inda farantin yake ne tun shekarun da yake jinsa, kuma yana ajiye shi a wurin da kansa.

"Ina ji," in ji Lorne.

Ya ce zai ɗauko kofi. A kicin Marit tana yanka burodi mai kirfa, ta dube shi sau ɗaya ta ajiye wuƙar. Ya gaya mata da murya ƙasa-ƙasa. Ba ta yi mamaki ba. Ta ce ai tun lokacin zaman makokin mahaifiyarta ta lura kiɗan gidan ya canza, ta ɗauka zuciyarta ce. Daga nan ta faɗa masa abin da bai sani ba. Matan kwamitin cocinsu har yanzu suna kiran Wendell ya saita musu piyano, suna ba shi kofi, suna gode masa. Bayan ya tafi sai su kira wani saurayi daga ƙetaren gari ya zo ya sake gyara maɓallan sama, domin tsohon yana ɗaure su fiye da kima, suna fita da kaifi kamar fasassun kwalabe. Makarantar unguwar ma haka take yi. Kowa ya sani, ban da shi. Ranar Juma'a mai zuwa ma matan cocin sun kira shi, saboda bikin kiɗan yara.

"To ka ga hujja ta samu," in ji ta. "Na gaji da roƙonsa ya je a auna kunnen nan. Yanzu sai ya musa mu gani."

Lorne ya ce ba ya son a mayar da abin sanda. Ta ce to ya yi shiru ya sayo sabon baki ya sa a ɓoye, tunda duk ɗaya ne a wurin Baba. Ta faɗi haka da zafi, amma idonta ya kawo ruwa, ta juya ta buɗe famfo a kan kofin da ba shi da datti.

Ya tsaya a bakin taga da kofin a hannu. Dusar ƙanƙara ta fara narkewa a gefen titi, ta zama baƙa. Sauya bakin sifika ba wani aiki ba ne. Ƙusoshi kaɗan, wayoyi biyu. Zai iya yi ranar da Marit ta kai tsohon asibiti, ba wanda zai ji ciwo. Wendell zai ci gaba da zama a kujerarsa yana nuna hagu, kuma daga ranar farantin zai kasance a wurin da gaske. Wace ƙarya ce a nan? Sai dai ma a ce an gyara duniya ta dace da abin da tsohon ya yi imani da shi.

Amma tunanin matan cocin ya ƙi barinsa. Ya hango su suna murmushi a bakin ƙofa, suna jiran motar Wendell ta sha kwana su ɗauki waya. Ba mugaye ba ne, tausayi ne ya sa su. To amma mutumin da gari guda ya haɗa baki yana lallaɓawa, girmama shi ake yi ko an riga an binne shi ne da ransa? A garejinsu, in direba ya fara kasa ganin madubi, gaya masa ake yi. Yakan yi fushi, wani ma ya daina gaisuwa. Amma ba a sa wani ya riƙa bin bayansa yana gyara masa fakin a ɓoye. Sai dai kuma direba rayukan mutane ya ɗauko. Wa piyano mai kaifi ya taɓa kashewa? Idan ya faɗa, shi zai koma gida da sauƙin zuciya, ya bar tsoho mai rawar hannu da falon da aka ƙwace masa abu na ƙarshe. Ya kasa tantance ko don Wendell yake son faɗa, ko don kansa.

Abin da ya raba gardamar ƙarami ne. Daga falo tsohon ya ɗaga murya ya ce, "Injiniya, kofin nan sai an nome shi ne?" Murya ce ta mutumin da bai taɓa lallaɓa kowa ba. Ranar da Lorne ya zo neman auren Marit, Wendell ya dube shi ya ce bai yi masa ba, amma ba shi zai zauna da shi ba. A cikin duk dangin matarsa, shi kaɗai ne Lorne bai taɓa buƙatar ya yi hasashen abin da ke ransa ba.

Ya kai kofin ya ajiye a kan ɗan teburin. Ya rage sautin, ya jawo kujerar katako ya zauna kusa, inda tsohon zai ga bakinsa.

"Wendell, akwai matsala a sifikunka. Ba daga kwamfutar ba ne, na gwada. Bakin sama na ɗaya daga ciki ya mutu. Ya daɗe."

Tsohon ya dube shi kamar ya yi magana da wani yare. Ya ce sifikun nan shi ya ɗauko su da kansa daga Toronto a bayan mota, kuma da wani abu ya same su da shi zai fara sani. Lorne bai yi gardama ba. Ya ce masa ya je ya duba da kansa.

Wendell ya dafa hannun kujera ya miƙe. Marit ta zo ta tsaya a ƙofar kicin, tawul a hannu. Lorne ya zare ragar duka biyun, ya kunna shuuun gwajin a kowane gefe lokaci guda.

Tsohon ya fara da ta hagu. Ya sunkuya, ya kara kunnensa a ƙaramin bakin, ya daɗe. Ya juya ɗaya kunnen. Sannan ya ja ƙafa ya tsallaka falon zuwa ta dama, ya yi mata haka. Daga inda Lorne yake zaune yana jin tsiwar na daman sarai. Wendell ya koma hagu, ya sake dawowa dama. Ya tsaya a tsakani. Can ya ɗora tafinsa a kan sifikar dama.

"Wannan ce. Haka ne, ta mutu."

Marit ta kai tawul ɗin bakinta. Lorne ya ga ƙofa ta sake buɗe masa. Zai iya gyaɗa kai kawai. Tsohon zai ce ai ya gano da kansa, a sayo sabon baki, a rufe maganar.

"A'a, Wendell," ya ce. "Wannan lafiyarta ƙalau. Ɗayar ce."

 Shuuun yana ta zuba kamar ruwa a kan kwano. Wendell bai cire hannunsa daga kan sifikar ba. Ya sake sunkuyawa ya kara kunne, a hankali, kamar mai sauraren ƙirjin mara lafiya. Da ya ɗago, fuskarsa ba fushi a ciki. Ya dubi 'yarsa, ya tambaye ta ko ta sani. Ta gyaɗa kai. Ya tambaya ko mutanen coci sun sani. Ta sunkuyar da kai, shi ma bai maimaita ba.

Ya koma kujerarsa ya zauna. Ya ɗauki kofin da hannu biyu, ya kurɓa, ya ce ya huce.

"Marit, ki kira su. Ki ce Juma'a ba zan zo ba. Su kira wanda suka saba kira."

"Baba, in aka auna kunnen, wataƙila da na'urar ƙara ji..."

"Wannan maganar wata rana ce."

Ta shiga kicin. Lorne ya kashe gwajin, ya ce zai nemo sabon bakin cikin mako, irinsa sak in an dace. Wendell ya ce ya nemo, ko don baƙi. Ya jawo allon, ya kai yatsa, yatsan ya kauce ya taɓa wani abu dabam. Ya sake gwadawa, ya sake kaucewa. Sai ya miƙa wa Lorne.

"Mayar mana da na ɗazu, daga farko. Ka matso da kujerar nan tsakiya ka zauna." Ya ɗan gusa da tasa gefe, ƙafafunta suka fita daga ramukansu. "In mai gangar ya shigo, ka gaya mini."