Akuyar Hedimasta

Ranar da Likita Chinelo ta ce wa Malam Abarshi ya fara gudu, sai da ya waiga ya ga ko akwai wani a bayansa da take yi wa magana. Babu kowa sai ma'aunin nauyi, wanda shi ma bai faɗi alheri a kansa ba.

"Gudu kuma, 'yata? Wa ya biyo ni?"

"Hawan jini da suga, Sa. Su biyu ne, kuma sun kusa kamo ka. Minti talatin kullum, ba tsayawa. Ko sassarfa ce ta isa."

Tana murmushi ta faɗa, kuma Malam Abarshi ya san asalin murmushin. Shekara talatin da biyar ya yi yana koyarwa a Samaru, sha biyun ƙarshe yana hedimasta, kuma Chinelo tana cikin waɗanda ya sha sa su zagaye fili sau biyar saboda makara, shi yana kan kujera a inuwar darbejiya yana ƙirga musu. Yanzu ga shi da shekara sittin da huɗu da tumbin da ke riga shi shiga ɗaki, an miƙo masa nasa hukuncin a rubuce.

Ya sayi kambas a gwanjo da gajeren wando mai ruwan toka. Matarsa Keziya ta dubi ƙafafun da rabon da rana ta gan su tun suna amarci, ta ce Allah ya kiyaye hanya, ta koma kicin don ta yi dariyarta cikin ladabi.

Ƙarfe shida ya buɗe ƙofa. Ya yi taku goma sha ɗaya.

"Hedimasta! Ina kwana?"

Ya tsaya. Ina gajiya, ina gida, yaya Mama, yaya yara, yaya jikoki, yaya ruwan jiya. Kafin ya gama da wannan, wani ya kashe babur ya sauko. Rabin Samaru ta hannunsa suka bi, ɗaya rabin kuma iyayensu ne. Ga shi a wurinmu wanda ya wuce gaisuwa, ko dai sabon kuɗi ya yi, ko kuma kansa ya kwance, kuma kowa ya san ɗan fansho bai yi sabon kuɗi ba. Ƙarfe takwas ya dawo gida, iyakarsa bakin famfon ƙarshen layi, riƙe da ledar ƙosai da Tabitha mai suya ta rantse sai ya karɓa. Bayan sati biyu na wannan motsa jiki ya ƙara kilo biyu.

Sai ya yi dabara. Da asuba yakan zura kaftani a kan gajeren wandon, ya hau bas zuwa Sabon Gari, ya sauka a PZ kafin a buɗe shaguna, ya cusa kaftanin da tabarau a jakar goyo, ya bi gefen layin dogo inda babu wanda ya taɓa zane wa ɗa. Satin farko ƙirjinsa kamar zugazugin maƙera. A hankali ya gane kan abin: taku gajere, kafaɗa a sake, kada a yi gasa da kowa. Numfashi kuwa ƙirga shi yake yi da ƙarfi, don malami ba ya iya ƙirga a zuci. "Ɗaya, biyu, shaƙa! Ɗaya, biyu, fesar!" Cikin sati shida bel ɗinsa ya matsa huda biyu, ya daina munshari, har ya ɗaure igiyar takalminsa ba tare da ya nemi kujera ba. Mu da muke ganin yatsun ƙafarmu a madubi kawai mun san wannan ba ƙaramin abu ba ne.

To, a daidai lokacin nan ne ake shirin auren Hope, autarsa. Ta samu Eric, ɗan Malam Friday na unguwar Zabi, yaro mai hankali da take so tun suna ƙungiyar mawaƙa a coci. An kai gaisuwa, an sa rana bayan Ista. Abin da ya rage shi ne binciken da ba a faɗa a fili amma kowane gida yana yi: akwai sata a danginsu, akwai farfaɗiya, akwai taɓin hankali? A gidan Malam Friday wannan aiki a hannun yayarsa yake, Gwaggo Janet, mai sayar da kwanuka a kasuwar Sabon Gari. Ta taɓa rushe aure saboda kakan amarya yana hira da jakinsa.

Wata Talata tana kan hanyar buɗe rumfa sai ga surukin gobe ya taho, gwiwoyi a waje, gumi har ido. Ta ajiye jaka, ta ɗan rusuna.

"Baba Hedimasta, ina kwana?"

Babu tabarau, babu abin da yake gani sai wani abu mai zane a gefen hanya.

"Ɗaya, biyu, shaƙa!" in ji shi, ya wuce.

Gwaggo Janet mace ce mai adalci. Ta duba bayansa ko ɓarawo ne, babu. Kare, babu. Gobara, ko hayaƙi babu. Ta duba gabansa ko wani abu yake bi, nan ma babu. Ta dawo Laraba, ta dawo Alhamis, ta tsaya bayan wata mota tana kallo. Ranar Juma'a Hope ta shigo gida idanunta sun kumbura.

"Baba, sun ce a ɗaga rana."

"Saboda me?"

"Wai kana yawo da ɗan kamfai a PZ kana magana kai kaɗai."

"Gajeren wando ne! Kuma ƙirga nake yi!"

"Ƙirga me, Baba? Gwaggo ta ce ta duba, babu abin ƙirgawa a wurin."

Keziya ta ce, "Baban Hope, ka ga inda lafiyarka ta kai mu."

Ranar Lahadi bayan sujada Malam Friday da Gwaggo Janet suka zo da kansu. Malam Friday tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa ne, kuma har yau in ya zauna sai ya yi huci kamar jirgin ya iso tasha. Ya cika kujerar mutum biyu. Gwaggo Janet ta zaɓi wadda ke kusa da ƙofa. An yi gaisuwa ta minti ashirin, Malam Abarshi yana amsa kowace da kulawa kamar mai jarrabawa, don ya san jarrabawar ce. Sannan ya ɗauko takardar likita ya miƙa.

Malam Friday ya karanta, fuskarsa ta washe.

"Af! Hawan jini ne ashe? Ai wannan ciwon manya ne, Malam. Ni ma ina da shi, shekara tara ke nan. Suga kuwa a gidanmu gado ne. Yaya, kin ji? Ciwonmu ɗaya da su."

"Na ji," in ji Gwaggo Janet. "Kai da kake da shi shekara tara, na taɓa ganin gwiwarka a titi?"

"Allah ya sawwaƙe."

"Likita ce ta ce in yi," in ji Malam Abarshi.

"Likita ai kullum faɗa suke yi," in ji Malam Friday cikin lallashi. "Ni ma an ce mini. Mutum ya ce to, ya karɓi ƙwayarsa, ya dawo ya zauna da mutuncinsa. In lokaci ya yi, a yi masa jana'iza mai kyau, mawaƙa su zo da anko. Haka Baba ya yi, haka wanmu Mark ya yi, yana da hamsin da takwas. Har yau ana zancen jana'izarsa."

"Mu dai ba mu ce komai ba," in ji Gwaggo Janet, wadda ta riga ta faɗa wa layin masu kwanuka gaba ɗaya. "Amma dattijo in zai yi gudu, a ga abin da yake bi ko abin da ya biyo shi. In aka sake ganinka kana gudu haka kawai, Baba, sai dai kowa ya riƙe ɗansa. Jikoki muke dubawa."

Malam Abarshi ya dubi labulen ɗakin Hope, ya ga yatsun ƙafarta a ƙasansa. Ya ce ya ji, ya kuma gode.

Sati biyu ya zauna da mutuncinsa. Mutuncin ya dawo masa da ciwon kai da jiri, bel ya koma hudarsa ta dā. Likita Chinelo ta auna shi, ta ce in haka zai ci gaba, gara ya roƙi surukan su matso da ranar kusa, don ya samu halarta.

Akwai wata jar akuya da Keziya ta saya don abincin surukai ranar biki, tana ɗaure a gindin gwaiba. Wata safiya aka bar ƙofa a buɗe, igiya ta tsinke, akuya ta fice. Malam Abarshi na zaune da silifa da rediyo. Bai yi shawara da kowa ba, ya bi ta.

Abin mamaki, babu wanda ya ce masa ina kwana.

"Hedimasta, ta yi hagu!"

"Sannu Baba! Ga ta can bayan masu walda!"

Tabitha mai ƙosai ma janye kaskonta ta yi ta ba shi hanya. Ya wuce mutum talatin da ya sani bai gaishe su ba, kuma kowa yana sa masa albarka. Bayan minti ashirin da biyar ya kama akuyar a bakin wata gonar masara, yana haki, ita ma tana haki. Suka dubi juna na ɗan lokaci.

Washegari ƙarfe shida igiyar ta sake tsinkewa. Wannan karon an ga alamar wuƙa a jikin igiyar, kuma Hedimasta ya fito da kambas a ƙafa, sai dai da dogon wando da 'yar shara.

Matsalar farko masu taimako ne. Kwana uku a jere wani mai tsautsayin kirki yana cafke akuyar kafin a yi minti biyar, ya kawo ta, ya haɗa da gaisuwa. Sai Malam Abarshi ya sa aka ji cewa tana cizo. Bayan sati biyu ma ba a buƙatar ƙaryar, don akuyar ta murje, ta koyi shan kwana, ta san lungunan Samaru fiye da masu raba takardar wuta. Babu mai iya taɓa ta. In ta ba shi rata da yawa sai ta tsaya tana cin bawon rogo har ya matso. In minti talatin ya cika takan juyo gida da kanta, don ta san dusa na jira.

Keziya ce ke buɗe musu ƙofa. "Shekara arba'in ina kiwon abu ɗaya da ba ya jin magana," in ji ta, "yanzu kun zama biyu."

Labari ya kai Zabi. Gwaggo Janet ta hau bas da sassafe ta zo ta tsaya bayan rumfar mai shayi. Ta ga akuya ta wuce kamar an harba ta. Ta ga Hedimasta a bayanta, bakinsa yana motsi, amma duk mai bin akuya dole bakinsa ya motsa. Ta duba gabansa, akwai abin bi. Ta dawo kwana uku, kamar yadda ta saba, sannan ta kai rahoto: mutumin nan lafiyarsa ƙalau, kuma mai kula da dukiyarsa ne, irin gidan da ake so a haɗa jini da su. Akuyar ce ke da taɓin hankali.

Aka mayar da rana.

Ana saura kwana huɗu, Keziya ta kira mahauci, Malam Abarshi ya rasa abin da ke masa daɗi. Ya tsaya gindin gwaiba yana sosa wa akuya kunne, yana neman hujjar da dattijo zai bayar don ceton abincin biki. Bai samu ba. Sai ga Hope da waya a hannu.

"Mama, Gwaggo Janet ta ce don Allah kada a yanka musu wannan. Wai ba a san ta inda abin ke bi ba."

Aka sayo wani baƙin bunsuru mai nutsuwa, wanda bai taɓa gudu ba a rayuwarsa, aka yanka shi da mutuncinsa.

Ranar biki Malam Abarshi ya raka 'yarsa tun daga ƙofar coci har gaban fasto bai yi haki ba. A wurin liyafa ya yi rawa har Zumuntar Mata suka gaji da kiɗa. Gwaggo Janet tana gaya wa na kusa da ita cewa tun farko ita ta ce gidan nan gidan kirki ne. Malam Friday kuwa ya hau matakala uku zuwa teburin iyaye, ya zauna yana fifita da takardar tsarin biki, wuyan rigarsa sharkaf. Da kiɗa ya lafa ya yafito surukinsa, ya duba ko yayarsa na kusa, ya rage murya.

"Suruki, akuyar nan taka. In ta haihu, a tuna da ni. Don kiwo kawai."

"Haihuwa da wuya. Babu bunsurun da ke iya kamo ta a Samaru."

Malam Friday ya dubi farantin naman da ke gabansa.

"Amma ka ga ta fara fin ƙarfina," in ji Malam Abarshi. "Da za ka riƙa zuwa kana taya ni kamu, ai zumunci ne, ko Gwaggo ba za ta ce komai ba. Talata da Alhamis, ƙarfe shida."

"Don zumunci dai."

"Don zumunci. Kambas lamba nawa kake sawa?"