Bebiyar Kyamarar Hajjo

Shekarar da kuɗin Udoji, ƙarin albashin ma'aikatan gwamnati, suka sauka, Jibiya ta rikice kamar an zazzage gero a gaban kaji. Wanda bai iya keke ba ya sayi babur, wanda ba ya jin ko kalmar Turanci ya rataya rediyo a wuya. Hajjo zabiya, shugabar 'yan amadar garin, ba ta cin albashin gwamnati balle a yi mata ƙari, amma bukukuwa sun yawaita, ita ma ta ɗan ƙulle wani abu a bakin zane. Ba atamfa take so ba, ba ɗan kunnen gwal ba. Kyamara take so, irin mai ɗaukar hoto mai motsi.

Mariyamu ce dalili. Tun suna 'yan mata a Bugaje Mariyamu ke kaɗa mata ƙwaryar nan da ake kifawa a kan ruwa. Kiɗanta kuwa ya wuce misali. Masu jin su a kaset rantsuwa suke yi makaɗa biyu ne, wasu ma su ce ai namiji aka shigar a ɓoye, mace ba ta wannan kiɗan. Maganar nan tana ƙona wa Hajjo rai ƙwarai. Ga shi tun damina hannun dama na Mariyamu ya fara nauyi. A wani biki a Mazanya sanda ta kuɓuce mata ana tsakiyar waƙa, ta wawure ta tana dariya, amma Hajjo ta ga tsoro a idonta. Rabi'a, 'yar Mariyamu, tana koyo, sai dai akwai wani juyi da uwar ke yi da wuyan hannu wanda kaset ba ya nunawa, ita kanta Mariyamu in an ce ta yi shi a hankali sai ya gagare ta. Hajjo ta ƙudurta sai an ga hannun nan kafin ya tsaya.

Ranar kasuwa ta ja ƙanenta Kalilu, mai ɗaukar hoton matafiya a bakin tasha, suka nufi shagon Alhaji Ummaru da ke kusa da shingen kan iyaka, inda kayan Maraɗi ke sauka. Alhaji ya fara da wata na'ura mai kama da akwatin lefe, da igiyoyi da batir mai nauyin jariri.

"Wagga ita a bidiyo," ya ce. "Hoto da murya dut tare. Sai dai mutum biyu ka ɗaukarta, kuma sai da talabijin aka kallo."

"Ni jaki nac ce maka nika nema?" Hajjo ta ce. "Aje ta."

Ya fito da ta biyu, mai abin ɗaukar magana a goshi, wadda ke ɗaukar fim da murya. Da ya faɗi kuɗinta Kalilu ya yi salati. Hajjo ba ta ko ɗaga gira ba, ta nuna wata 'yar ƙarama da ƙura ta rufe a can ƙarshen kanta, ta ce a miƙo mata waccan. Alhaji ya tuntsire da dariya har da buga cinya.

"Haba Hajjo! Wagga bebiya ta. Ba ta ji, ba ta magana. Zabiya guda da bebiyar kyamara, mi za ki ɗauka? Hamma?"

'Yan zaman kashe wando da ke bakin shagon suka taya shi dariya. Hajjo ta juya kyamarar a hannu. Ba ta fi ludayi nauyi ba, batirin tocila take ci, kuma kuɗinta bai fi ƙarfin ƙullin bakin zane ba, har da ragowar sayen 'yan akwatunan fim.

"Murya ina da ita, Alhaji, kuma kai ma ka san ta," ta ce. "Ido nika nema. Naɗe mini."

A hanya Kalilu ya yi ta mita. Ya ce kowane akwatin fim ɗan lokaci yake yi, ba ya ko kai ƙarshen waƙa guda, ya ce aikin nan sai gwani, don haka shi zai riƙe. Hajjo ta tsaya cak a tsakiyar titi.

"Kai za ka shiga cikin gidan biki, tsakiyar matan mutane sun tuɓe gyale suna rawa? Wa zai bar ka? In ka shiga ma, ai ka gaskata masu cewa muna ɓoye namiji."

Amada ta mata ce, namiji iyakarsa zaure, kowa ya san haka. Dole ya zauna ya koya wa yayarsa inda ake leƙawa da inda ake dannawa, yana yi yana tsaki, ita kuma tana ɗaukar akuyar maƙwabta da kyamara ba fim, har hannunta ya daina rawa.

Bikin da ya biyo baya a Farfaru aka yi, da la'asar sakaliya, rana na faɗowa daidai kan ƙwarya. Hajjo ta buɗe da waƙa kamar kullum. Da ta ji kiɗa ya nuna, Mariyamu ta rufe ido ta shiga wannan juyin nata, sai ta yi abin da ba a taɓa gani ba: ta yanke waƙa, ta bar 'yan amshi suna ta maimaita amshi, ta durƙusa a gaban ruwan ta danna. Kyamara ta kama ƙirrr. Uwar amarya ta taso a fusace tana cewa waƙa aka kira ta yi, ba leƙe-leƙe ba. Hajjo ko waiwaye ba ta yi ba. Ba ta ɗauki amarya ba, ba ta ɗauki masu rawa ba, ba ta ba kowa ya ɗauke ta ba. Fim ɗin da ta mallaka kaf a kan hannun Mariyamu ya ƙare. Sannan ta miƙe ta ba su waƙa har sai da suka roƙe ta ta huta.

Saura wanki. Fim irin wannan ba a wanke shi a nan, sai an kai Maraɗi a aika ƙasar waje. Hajjo ta ƙi ba kowa saƙo, ta ɗauka da kanta. A shinge wani mai kaki, baƙo a garin, ya zazzage jakarta, ya ɗaga ɗaya daga cikin baƙaƙen akwatunan fim ya girgiza, ya zaro wuƙa zai ɓanɓare ya ga abin da ke ciki. Kalilu ya riga ya gaya mata cewa haske kaɗan ya shiga, komai ya mutu. Hajjo ta matso kusa da shi.

"Ɗan samari, mi sunanka?" ta tambaya. "Hwaɗa mini sunanka da na garinku, don in ka buɗe shi, kahin sati ya zagayo yara na waƙarka daga nan har Ɗan Isa. Matarka ma da ita za ta yi daka."

Direbobi suka fara murmushi. Wani tsohon ma'aikaci ya matso ya raɗa wa baƙon cewa wannan fa Hajjo ce, wanda ta taɓa yi wa zambo sai da ya nemi canjin wurin aiki. Wuƙa ta koma aljihu, fim ya koma jaka.

Kafin fim ya dawo an yi girbi an gama. A tsakanin nan Mariyamu ta faɗi a tsakar gida, ɓarin damanta ya shanye, bakinta ya karkace. Hajjo ta yi kuka mai yawa a ɗakinta, ta wanke fuska ta fito, don ba ta yarda kowa ya ga hawayenta.

Ranar da saƙo ya iso, Kalilu ya aro majigi da injin wuta, aka toshe tagar zaurensa da tabarma da rana tsaka. Mata suka cika ciki, aka ɗauko Mariyamu aka jingina ta da bango. Maza suka yi cincirindo a bakin ƙofa, har da Alhaji Ummaru da ya zo ganin yadda bebiya za ta kunyata mai ita. Haske ya faɗa kan farin bango. Ga ƙwarya, ga ruwa na tsalle, ga hannu biyu masu lalle da awarwaro suna tafiya kamar ba na mutum ɗaya ba. Babu sauti sai ƙarar inji.

"To ina zabiyar?" Alhaji ya ce. "Ko huskarta babu. Na hwaɗa maku hamma za ta ɗauka."

Ba wanda ya yi dariya. Wani daga baya ya ce a hankali, "Ashe dai mace ce, kuma ita kaɗai."

Hajjo ta tura wa Rabi'a ƙwarya da ƙafa. "Dubi bango, ɗiyata, ki bi hannun uwarki." Rabi'a ta ƙura ido, ta fara, ta ɓata, ta sake. Da juyin nan ya zo, wuyan hannunta ya karya kamar yadda na bango ya karya, sautin da aka zaci ya ɓace ya fito tsaf a cikin zauren. Hajjo ta ja numfashi ta ɗora waƙa a kai.

Fim ya ƙare, bango ya koma fari. Mariyamu ta ɗaga hannun hagu, wanda ya rage mata. Da ƙyar maganar ta fito.

"Hajjo, kin makara shiga. Kullum haka kike."

Ta juya ido wajen Kalilu. "Maido shi farko."