Firjin Matar Mai Walda

"Ka fito mana, alƙali ba zai jira mu ba," in ji Dogo mai sayar da taya, yana danna hon a ƙofar maƙwabcinmu Mai Walda.

Ina shara ina dariya. Ban taɓa ganin shari'a irin tasu ba. Mai ƙara shi ke goya wanda yake ƙara a babur, su je kotu su sha musu, su dawo tare. Da injin Mai Walda ya ƙone ne ya ci bashin Dogo, ya sa hannu a takardar alkawarin biya, ya jinginar da firjin matarsa. Shi ya ce ya biya rabi da ƙofofin da ya ƙera masa, Dogo ya ce takarda kuɗi ta ce, ba ƙofa ba. Firjin nan kuwa, da ƙanƙararsa ake ci a gidan. Ƙafarsa ɗaya ta gajarce, in ya tashi har ɗakina nake jin karkarwarsa.

Ranar, matar ce ta leƙo. "Yaya Dogo, yau ko zama ya kasa."

Muka shiga tare. Mai Walda na kwance, ya rame sai idanu.

"Tashi, malam," in ji Dogo. "Ba za ka tafi da kuɗina ba."

"Na ba ka ƙofofi," ya ce da ƙyar. "Kar ka taɓa mata firji."

"Sai abin da alƙali ya ce."

Bai kai zaman kotu na gaba ba, Allah ya yi masa rasuwa. Na yi kuka sosai, Dogo kuwa ko gaisuwarsa na daina amsawa.

Kotu ta ba Dogo gaskiya. Ranar da ya zo ɗaukar firjin, na tsaya a bakin ƙofa da baƙar magana a bakina. Matar ta riga ta zare waya, ta kwashe ƙanƙarar a bokiti, ta goge firjin tas.

"Ga shi nan, Yaya."

Dogo ya zagaya shi, ya dafa, firjin ya yi rawa. Sai ya ciro takardar daga aljihu, ya ninke ta, ya ƙara ninkewa, ya durƙusa ya cusa ta ƙarƙashin gajeriyar ƙafar.

"Jona shi," ya ce, bai ɗago ba. "Ƙanƙararki na narkewa."

Da yamma na kasa kunne jikin bango. Firjin na aiki, amma karkarwar ta ɗauke.