Ranar da Aka Kira Wanzami Kan Naja'atu

Shekarar da aka hana mata hawa acaɓa a Kano 'yata Naja'atu ta kamu da sankarar mama. Ruwan maganin da ake ƙara mata ya ƙone jijiyoyin hannunta, har aka rasa inda za a soka allura. Sai likita ya dasa mata wani ɗan abu kamar maɓallin riga a ƙarƙashin fata, ƙasa da ƙashin wuya, da siririn tiyo da ya shiga babbar jijiya. Ta nan ake zuba maganin.

Nas ɗin da ke kula da ita, Sista Turai, 'yar Gwarzo ce, kullum sai ta tsokane ni.

"Inna, ku mutanen Kabo komai sai kun shafa masa man shanu. To, ban da wannan. Ba mai taɓa shi sai mu, mu ma sai mun wanke hannu mun sa safar hannu. Duk wata a kawo ta mu wanke tiyon. In wurin ya yi ja ko jikinta ya yi zafi, ranar za ku taho, ba gobe ba."

Na ce na ji. Kuma wallahi na ji.

Bayan an yanke dawa mijinta ya tafi ci-rani, ta dawo ɗakina jinya. Ranar Talata wurin ya yi ja. Laraba zazzaɓi ya rufe ta. Na je tasha, babu mota ko ɗaya, duk suna layi a gidan mai. Alhamis ma haka. Kafin azahar wurin ya kumbura yana sheƙi, ita kuma ba ta gane mai shiga da mai fita.

Yayar babanta, Gwaggo Indo, ta zo dubiya ta ɗaga hijabin.

"Hajaratu, haihuwa takwas ba ki san maruru ba? Ya nuna. A kira Mudi ya fasa shi ta samu sauƙi."

"Yaya, Sista ta ce kada a taɓa."

"Sista tana can ƙarƙashin fanka. Ke zauna kina kallon yarinya tana soyuwa."

Mudi wanzami shi ya yi wa Naja'atu askin suna. Muka lulluɓe ta, muka bar masa wurin kaɗai a buɗe. Ni na danne kafaɗarta. Ya yi bisimilla ya tsaga. Mugunya ta fito, sai askar ta ce ƙas. Ya janye hannu.

"Hajaratu, me ke cikin yarinyar nan?"

Sai a lokacin na faɗa masa.

"Subhanallahi. Da kin faɗa tun a zaure, da ban buɗe zabira ba."

Ranar Juma'a wani mai motar hatsi ya tausaya ya ɗauke mu zuwa asibiti. Sista Turai ta ɓare tsumman da muka ɗaure. Ba ta tsokane ni ba.

"Wa ya yi wannan?"

"Ni na riƙe ta."

Suka cire abin a ranar, suka ce ƙwayar cuta ta bi tiyon ta shiga jini. Kwana huɗu Naja'atu ta ƙara. Ranar Talata da hantsi ta cika, hannunta a cikin nawa.

Da muka naɗe tabarma Sista ta biyo ni har ƙofa. Ta ce tun kafin askar cutar ta riga ta shiga, kwana biyun da aka yi ba mota ne suka cuce mu. Ban sani ba ko gaskiya ta faɗa ko lallashina take yi. Ban tambaye ta ba.