Jitar Malama

Wata bakwai ke nan Malama ba ta taka ƙofar gida ba. Tun da hawan jinin ido ya cinye mata gani, likita ya ce abin da ya tafi ya tafi, sai ta ja kujerarta gefen taga ta zauna. Matar da ta yi shekara talatin tana koyar da kiɗa da waƙa a firamare, wadda in ta ɗaga murya a aji har masu wucewa kan tsaya su saurara, ita ce yanzu in an tambaye ta me za ta ci sai ta ce, "Duk abin da aka samu." Babu faɗa, babu dariya. Ko rediyo in an kunna mata sai ta ce a rage.

Mijinta, wanda duk layin ke kira Kafinta har ita ma ta kama, tsoro yake ji, tsoro na gaske. Ya ga yadda zama ke cin mutum, don ya gani a jikin mahaifinsa. Ya lallashe ta, ya yi fushi, ya kira ƙannenta sun zo sun yi ta baki, duk a banza. Kullum da safe sai ya ce, "Malama, taso mu ɗan taka zuwa shago, ga shi nan kusa." Ita kuma ta ce, "In je in ga me?" Daga nan sai ya ɗauki hularsa ya fita.

Wata safiya yana ɗaura agogo ya lura da hannunta na hagu a kan hannun kujera. Yatsun suna motsi su kaɗai, suna danna katako ɗaya bayan ɗaya, yadda takan yi da a wuyan jita. Ita ba ta ma san tana yi ba. Jitar da ta yi aiki da ita ta makaranta ce, ranar da ta yi ritaya ta rataye musu kayansu ta taho. Kafinta ya tsaya yana kallon yatsun nan har shayinsa ya huce.

Da azahar ya kira autarsu, wadda ke aiki a kantin magani, ya ce ta biyo ta shago in ta tashi. Ta zo da jaka a kafaɗa, ta kaɗe garin katako daga kan benci ta zauna.

"Jita nake so," ya ce. "Irin ta katako zalla, wadda ba a sa mata wuta. Kuma tsohuwa. Sabbin nan na leƙa su a kanti, duk filawud ne da kwalliya."

"Baba, kai da ko tafi ba ka iya bi daidai?"

"Ke dai buɗe min wayar. Kiɗa ne ban sani ba, katako kuwa ba wanda zai koya min."

Ta buɗe shafin da mutane ke sa kayansu na hannu, ta miƙa masa. Kai, ranar masu jita sun ga ta kansu! Duk wadda Auta ta nuna sai ya tura tabarau sama, ya ja hoton da yatsa biyu har ya cika fuskar wayar. Wata baƙa mai ƙyalli ya ce an ɓoye tsaga ne da fenti. Wata ya ce a dubi inda wuya ya haɗu da jiki, gam ya fara saki. Ya sa Auta ta rubuta wa wani saurayi cewa ya ɗauko hoton daga kai yana kallon ƙasa, yadda ake kanne ido ɗaya a duba miƙewar katako. Da hoton ya zo, wuyan ya lanƙwashe kamar bayan tsohuwar kujera, Kafinta ya yi tsaki ya ce a wuce. Wani kuwa da aka nemi ya haska tocila cikin ramin jitar ya ɗauko, sai ya amsa da cewa in ba saye za a yi ba a bar shi ya huta.

Kwana huɗu suna wannan. Auta ta fara ƙorafi cewa ko mijin aure ba a yi mata wannan bincike ba.

A rana ta biyar suka faɗa kan wata da ba ta da wani kyan gani. Launin zuma ne da ya dafe, fuskarta duk ƙarce, ƙasan ramin ya goge har farin katako ya fito. Hoton ma a kan gado aka ɗauke shi, da gefen matashi a ciki. Kafinta ya daɗe yana kallon jijiyar katakon, siririya, a miƙe, a jere kusa da juna. Ya ce, "Kira min wannan."

Mai ita wani tsohon direban babbar mota ne, ya ɗaga kiran bidiyo hancinsa ya cika wayar. Ya ce shekara ashirin da shida tana bayan kujerarsa, duk inda ya yada zango da ita yake hira. Yanzu sanyin ƙashi ya kama masa yatsu, ba ya son ganinta a rataye.

"Ɗan'uwa, ƙwanƙwasa min ita," in ji Kafinta. "Da bayan yatsa. Tsakiya, sannan gefe."

Direba ya tuntsire da dariya. "Kowa ce min yake in kaɗa. Kai kaɗai ka ce in ƙwanƙwasa. Ƙofa za ka saya?"

Amma ya ƙwanƙwasa. Kafinta ya manna wayar a kunne, ya ji katakon ya amsa da faɗi, busasshe, babu rawar wani abu da ya saki a ciki. Sannan direban ya daure ya ja tsirkiyoyin sau biyu uku da yatsunsa masu ciwo. Ko ta cikin waya sai da sautin ya cika shagon, ya daɗe bai mutu ba.

"Wa za ka saya wa?"

"Mai ɗakina."

"To madalla. Abu ɗaya zan roƙe ka, ka bar ta yadda take. Tsufan nan nata shi ne daɗinta."

Kafinta ya ce to, amma a ransa ya ɗauka zancen mai sayarwa ne, wanda ke son a ga aibin kayansa a matsayin ado. Suka daidaita, Auta ta tura kuɗin, bayan kwana uku mai babur ya sauke dogon kwali a ƙofar shago. Direban ya naɗe ta da tsohon bargo, ya cusa jaridu ta ko'ina.

To, a nan ne Kafinta ya tafka ta. Da ya kwance bargon ya ɗora jitar a kan teburin aiki, rana ta faɗo mata, sai ƙarcen nan duk suka fito fili, har da wani ɗan lotsawa a gefe da hoto bai nuna ba. Ransa ya ƙi. Shekara arba'in yana wannan sana'a, ko kujerar tsuguno ba ta taɓa fita daga shagonsa ba tare da ta yi sheƙi ba. Yanzu matarsa, uwar 'ya'yansa, ita zai miƙa wa abu kamar an tsinto a bola? Ina! Ya kwance tsirkiyoyin ɗaya bayan ɗaya, ya jera su a kan takarda ya sa musu lamba don kar su rikice. Ya cike lotsawar da foti, ƙullun toshe ramin katako, ya goge ta da takardar sanfefa, ya ɗauko gwangwanin man sheƙin da yake shafa wa teburan cin abinci, mai kauri, wanda ko ruwan zafi ba ya ratsawa. Ya yi mata shafi ɗaya ya bari ya bushe. Washegari ya ƙara. Rana ta uku ya ce bari a cika, har wuyan bai bari ba.

Gaskiya ta yi kyau. Mai walda na kusa da shi ya leƙo ya ce yana ganin haƙoransa a jikinta. Kafinta ya mayar da tsirkiyoyin bisa lambarsu, bakin nan har kunne. Bai ja ko ɗaya don ya ji ba, shi a wajensa aiki ya ƙare tun da ido ya gamsu.

Da la'asar ya rufe shago da wuri ya tafi gida da ita a rungume. Malama na nan inda ya bar ta. Tun kafin ya gama sallama ta ɗaga hanci.

"Wane tebur ka shigo da shi ɗaki?"

"Ba tebur ba ne. Buɗe hannunki."

Ya ɗora mata a cinya. Ta ɗan zabura, sannan hannuwanta suka bi gefen, suka sami ƙugun, suka hau wuyan. Ta gyara zama, abin da ya daɗe bai ga ta yi ba, ta kai hannu kan maɓallan da ke kai ta fara murɗawa, tana jan tsirkiya tana karkata kunne. Kafinta ya tsuguna a gabanta kamar yaron da aka kira gaban aji.

Da ta gama saiti ta sauke yatsu a kan tsirkiyoyin duka shida.

Shi kansa da bai san kiɗa ba ya ji. Sautin da ya cika masa shago ta cikin waya babu shi. Wannan ya fito a shaƙe, gajere, kamar mai magana da bargo a baki. Ta sake ja. Ta zame hannun hagu a wuyan, tafin ya manne ya yi ƙara. Ta shafa fuskar jitar a hankali, ta kai yatsun hanci.

"Kafinta."

"Na'am."

"Shafi nawa ka yi mata?"

"Uku."

"Uku! Inna lillahi. Man tebur? Kai yanzu saboda Allah jita ce za ka yi wa man tebur? Katakon nan rawa yake yi, da rawar yake magana, ka zo ka ɗaure shi tamau! Wannan ba ƙaramar jita ba ce, ina jin ta a ƙirjina tana son ta fito, ka toshe mata baki. Wa ya aike ka? Mai ita bai gaya maka komai ba?"

"Ya ce in bar ta yadda take."

"Ya ce ka bar ta! Shi ne ka ga ai ka fi shi sani."

Muryar nan ce, ta aji, wadda ake ji daga titi. Wata bakwai bai ji ta ba. Kunya ta rufe shi har wuya, ga kuma wani daɗi da ya taso masa a lokaci guda, ya rasa da wanne zai ji. Ya sunkuyar da kai yana murza hularsa.

"Duk ta ƙarce ne, Malama. Na ga bai dace in kawo miki ita haka ba. Na so ki gan ta tana sheƙi."

"In gan ta," ta ce, muryar ta sauka. "Da wane idon?"

Sai a lokacin abin ya faɗo masa. Kwana uku yana shafa yana ja da baya yana dubawa, yana hango yadda fuskarta za ta yi in ta ga ƙyallin, kuma ko sau ɗaya bai tuna ba.

"Wallahi na manta," ya ce. "Ki yafe min. Mantawa na yi ba kya gani."

Ta kifa tafinta a kan jitar. Ya ɗauka ya ƙara ɓata lamarin, ya fara neman abin da zai ce ya gyara. Sai ya ga hawaye na bin kumatunta, bakinta kuma yana rawa kamar mai shirin dariya.

"Tun da abin nan ya same ni," ta ce, "duk wanda ya shigo ɗakin nan da shi yake shigowa. 'Sannu Malama, ya idon?' Har yaran da na haifa lallaɓa ni suke kamar ƙwai. Ni ma da shi nake kwana da shi nake tashi. Kai kaɗai, da taurin kan nan naka, ka yi kwana uku kana yi wa matarka kwalliya ka manta makauniya ce."

Ya kai hannu ya share mata fuska da bayan yatsunsa masu kaushi, ta bar shi.

Can ta ja hanci ta ƙwanƙwasa jitar. "Zai fita?"

"Zai fita. Da sanfefa mai laushi, a hankali. Sai dai ban san inda zan tsaya ba. In na zarce na ci katakon."

"Ai ba kai za ka sani ba, kunne ne zai faɗa. Kana gogewa ina bugawa, in ta buɗe baki in ce maka tsaya."

"To bari in je in kwaso kayan aikin, mu yi a nan."

"A ɗakina? Ka cika min gado da ƙura? Kuma in bar ka ka koma wajen gwangwanin nan kai kaɗai, ka je wata dabarar ta zo maka a hanya?" Ta rungume jitar da hannu ɗaya, ta dafa kujera ta miƙe, ta fara laluben ƙasa da ƙafa. "Ina takalmina?"

Takalmin na ƙarƙashin gado, sai da ya kwanta ya zaro su, ya kaɗe musu ƙura da hularsa. Ya sa mata su. Ta ja mayafi ta yafa, ya ce ta kawo jitar ya riƙe, ta ce Allah ya kiyaye.

A bakin ƙofa ta tsaya. Ƙarar babura da hayaniyar masu tashi daga aiki suka dake ta, ya ji yatsunta sun damƙe masa damtse da ƙarfi har da zafi. Ya tsaya ya jira ta.

"Matakala nawa ne?" ta tambaya.

"Biyu. Ta biyun ta ɗan fi zurfi."

"Shekara nawa ina ce maka ka gyara ta," in ji Malama, ta sauke ƙafar dama.