Burauzar Baba Nasidi

Tun da Baba Nasidi ya sayi babbar waya, Muntari ne gwaninta. Shi ke auren Hadizatu, babbar 'yar gidan, kuma yana da rumfar caji da gyaran waya a kasuwar Talata Mafara. Ko hasken wayar ne ya ragu, sai tsohon ya ce a kira masa Malam Muntari. Wannan kira kuwa ya fi masa cinikin ranar kasuwa daɗi, don a gaban mutane ake yin sa.

Sai ga Misbahu, wanda ya auri Marwa autar gidan, wani ɗan Maradun mai aiki a gonakin rani na Bakura. Zuwansa gaisuwa na biyu kacal, ya karɓi wayar surukinsa ya saka masa sabuwar burauza, wato manhajar shiga intanet, mai shuɗin tambari, ya ce ta fi mai jan tambarin nan da ke ciki sauri. Ja ɗin kuwa Muntari ne ya saka ta da hannunsa.

Daga ranar Baba bai da zance sai na Misbahu. A zaure Misbahu, a ƙofar masallaci Misbahu. "Yaron ga ya san waya," in ji shi. "Da ka taɓa, labarai sun buɗe." Muntari yana murmushi yana cewa haka ne Baba, amma a ransa haushi yake ji. Yaron da ko sukurun waya bai taɓa kwancewa ba! Hadizatu ta ce masa don Allah ya bar zancen, burauza dai ai ba gado ba ce. Ya ce ita ba za ta gane ba. Gaskiya kishi yake, kishi mai hana cin tuwo.

Wata Juma'a bayan an sauko masallaci, surukan biyu suka haɗu a zauren Baba tare da abokansa tsofaffi. Aka gaisa, aka tambayi gida da gona da hanya. Muntari ya gyara zama ya ce, cikin ladabi, ai da za a gwada burauzojin nan biyu a kan wayar Baba, kowa ya gani da idonsa. Misbahu ya yi dariya ya ce ba komai Yaya, a gwada.

"Amma cajinta ya yi ƙasa, Baba," in ji Muntari. "Bari in ɗan jona ta a ciki."

Can cikin gida ya buɗe jar burauzar, sai ya ga abin da ya nauyaya ta. Shafuka ne buɗe jibge a kan juna, ba a taɓa rufe ko ɗaya ba: na tafsiri, na farashin gero, na ƙwallo, har da hotunan wani babur. Ya ja tsaki, ya ce aikin jikoki ne. Ya rufe su duka, ya shiga ya goge tarihin, ya share duk abin da ta tara, ta koma fes kamar ranar da ya saka ta. Ya fito yana jin kansa.

Aka zaɓi shafin labarai. Misbahu ya fara da shuɗiyar, tsofaffi suka sunkuyo, ta ɗan yi juyi sannan ta buɗe. Muntari ya karɓa ya danna ja, kafin wani ya gyara hula ta riga ta kawo. Aka sake da wani shafin, haka. Wani tsoho ya ce lallai tsohon hannu daban ne. Misbahu ya ce ya sallama, Yaya ya ci. Muntari ya miƙa wa Baba wayar da hannu biyu, zuciyarsa fari tas.

Baba ya sa ɗan yatsa ya taɓa ɗan akwatin da ke sama, inda shafuka ke taruwa. Ya sake taɓawa. Ya ɗaga wayar kusa da fuskarsa.

"Ina suka tahi?"

"Tarkace ne Baba, su ke hana ta gudu. Na share."

Tsohon ya sauke wayar kan cinyarsa. Sannan ya ce, ba tare da ya kalli kowa ba, Sadi ne ya buɗe su. Sadi ɗansa ne, wanda ya rasu bara a hanyar Gidan Goga. Shi Baba bai iya rubutun boko ba, don haka yaron ya buɗe masa na tafsiri ya ce kada ya rufe. Sauran kuwa na Sadi ne, ya bar su yadda ya gama dubawa. Wannan babur ɗin shi yake ta son saye.

"In na gama wuridi nakan bi su ɗaya-ɗaya," in ji Baba. "Shi ya sa ban bari Misbahu ya hidda ta ba."

Baba ya miƙa wa Misbahu wayar ya ce ya duba ko ana iya maido su. Misbahu ya daddanna, ya shiga nan ya fita can, daga baya ya girgiza kai a hankali.

Baba ya karɓi wayarsa ya sa a aljihun gaba, ya dafa wurin da tafin hannu.

"Ta yi sauri kam, Malam Muntari," ya ce. "Allah shi yi albarka."